Bakin da Na Kare Ƙwaya da Shi, da Shi Na Kare Oga

Ni tela ne. Shagona yana Tudun Wada a Zariya, amma a cikin birni aka haife ni, wajen Ƙofar Doka, kuma har yau mahaifiyarmu tana can. Na fi shekara ashirin a kan keke. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, kunya tana danne ni. Abin da ya sa na buɗe baki yanzu shi ne wani yaro da nake koya wa ɗinki. Kwanan baya na ji shi a bayan shago yana waya, yana rantsuwa cewa shi ba ɗan shaye-shaye ba ne, don aiki kawai yake sha. Sai da gabana ya faɗi, domin shekara takwas na yi ina faɗin wannan magana, ba ragi ba ƙari.

A azumin 2012 na fara. Wanda bai taɓa zama a shagon tela a goman ƙarshe ba, ba zai gane ba. Shadda da yadi sun taru sun kusa taɓa silin, kowa ya kawo nasa a makare kuma kowa yana son ya sa ranar Idi, wuta ta zo ta ɗauke, janareta yana ta hayaƙi a bakin ƙofa, bayanka kamar an ɗaura maka dutsen niƙa. Wani abokin sana'a ya miƙo mini ƙwaya ɗaya bayan mun sha ruwa, ya ce in kora da shayi, bayana zai saki. Tiramol ce. A daren nan na gama wuyan riga huɗu kafin sahur, ba barci ba ciwo. Ban yi tangaɗi ba, ban zagi kowa ba, na yi asuba cikin jam'i. Da a ce ranar farko ta kayar da ni cikin kwata, da ban sake waiwayarta ba.

Da farko mai lamba 100 nake sha, guda ɗaya. Kafin shekara ta zagayo ta daina yi mini komai, na koma mai lamba 225, wadda ba a asibiti ake ba da ita ba, ta bayan fage take shigowa. Daga baya likita ya gaya mini ko majinyacin da aka rubuta wa ita ba a son ya wuce miligiram 400 a yini. Ni kuwa akwai lokacin da nake haɗiye uku ko huɗu tsakanin safiya da dare. Wajen 2016 na ƙara da kodin, in juye shi a kwalbar lemo in ajiye gefen keke, wanda ya shigo sai ya ɗauka lemo nake sha. Da gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a farkon watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta yi, kuɗinsa ya tashi, amma ban taɓa rasa inda zan samu ba.

In ka kira ni ɗan ƙwaya a lokacin, sai mun yi dambe. A wurina ɗan ƙwaya shi ne yaron nan mai jan ido da ke shaƙar sholisho a tashar Kwangila. Ni magidanci ne mai sana'a, ina ciyar da iyalina, ina sahun gaba a masallaci. Ina cewa duk ranar da na ga dama zan daina, ban dai ga dama ba ne tukuna. Kuma kullum akwai wanda ya fi ni sha, sai in nuna shi in ji sanyi. Laifi tudu ne, na taka nawa na yi ta hango na wasu.

To, sai in koma baya kaɗan, don igiya biyu ce ta ɗaure ni, kuma ɗayar ta riga ƙwaya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan NEPU ne tun yana saurayi, daga baya ya bi PRP. A tabarmarsa muka ji labarin Malam Aminu Kano, da na Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka yi ta ɗaurewa saboda siyasa, wadda yanzu asibitin Ƙofar Gayan yake ɗauke da sunanta. Ya sha ba mu labarin yadda majalisar jiha ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981, da yadda PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, har aminai suka daina gaisawa. Na tashi ina ganin mutumin kirki shi ne wanda ya riƙe jam'iyyarsa ko ana ruwan wuta. Shi ya sa da wani ɗan takara ya zo majalisarmu a 2007, ya zauna a kan benci tare da mu, ya tambayi sunana, ya dafa kafaɗata ya ce irinmu yake nema, sai na ji kamar gadon Baba ne ya zo hannuna. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi jam'iyyarsa ba. Oga muke ce masa.

Ya ba ni ɗinkin hulunan kamfe da ankon mata. Ya yi alkawarin rijiyar burtsatse a layinmu, domin duk ɗan Zariya ya san yadda muke da ruwa, da 'yan ga-ruwa muka girma. Ni kuma ya ce in Allah ya ba shi nasara zai saya mini keken aiki na kwamfuta. Na zama jagoran matasa a mazaɓarmu, na zama ejan a akwatinmu, na zama sojan baka a teburin mai shayi, daga baya a Facebook. Duk ranar gangami ana ba ni abin da ake kira kuɗin ruwan yara. Na san ba ruwa ake saya da shi ba. A Afrilun 2011, da aka yi tarzoma bayan zaɓen shugaban ƙasa har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a jihar Kaduna, na ga yaran da na sani suna gudu a titi da gorori, idonsu jawur. Da aka tambaye ni daga baya, sai na ce baƙi ne aka shigo da su. Shekara guda ke nan kafin in haɗiyi ƙwayata ta farko. Ashe a siyasa na koyi runtse ido, na zo da shi shago daga baya.

Yayana malamin firamare ne, mutum ne marar hayaniya. Shi kaɗai yake iya duban idona ya faɗa mini gaskiya, kuma abu biyu ya dame shi da ni: ramar da nake yi, da bin Oga. Amsa ɗaya nake ba shi a kan duka biyun, wai hassada yake yi mini. Da Oga ya sauya sheƙa ya koma jam'iyyar da na shekara ina tsine wa a gaban jama'a, ko mako ba a yi ba na ɗinka hulunanta. Yaya ya zo shago ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta, ya ce, "Ina aƙidar da kake faɗa?" Na ce masa Oga ya hango abin da mu ba mu hango ba. A 2017 da aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwan Zariya, na yi ta yaɗa hotunan kamar da hannun Oga aka gina ta, alhali da safiyar ranar sai da na sayi ruwa a kura, burtsatsen layinmu kuwa ko ramin ba a tona ba. Daga nan ni da Yaya muka koma gaisuwar fatar baka, sai in mun haɗu a ɗakin Inna.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah ta 2019 asirina ya tonu. Ina kan wata farar shadda ta wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini ɗinki. Abin da nake iya tunawa shi ne na ji wani haske ya gifta mini. Da na farka ina kwance a ƙasa, yaran shago sun danne ni, bakina duk jini saboda na ciji harshena, allurar keke ta huda mini yatsa ta karye a ciki, wandona a jiƙe. Farar shaddar nan kuwa ta sha jini tun daga wuya har aljihu. Aka kwashe ni sai asibiti. Likita ya tambaye ni ko ina shan wani magani. Ina kwance, harshe a kumbure, na ce masa ba na shan komai sai maganin ciwon kai, gajiya ce kawai, ko kuma iska ce ta buge ni.

Matata tana tsaye a bakin gado. Ba ta ce uffan ba. Ta buɗe jakarta ta fito da wata baƙar leda, ta zazzage ta a kan zanin gadon. Fankon katin ƙwaya ne, tuli guda. Ashe duk sanda za ta wanke mini kaya, abin da ta tarar a aljihu sai ta adana. Inna tana wurin, Yaya yana wurin. Likitan ya ɗauki ɗaya ya duba lambar, ya ce wannan ita take jawo irin farfaɗiyar nan, kuma in na ci gaba wata rana ba zan farka ba. Kun san abin da ya fito daga bakina? Na ce ba duka ne nawa ba.

Dangi suka kasu. Wasu suka ce a kai ni gidan mari. Ana cikin wannan ja-in-ja, a ƙarshen Satumba, labari ya fito cewa 'yan sanda sun kuɓutar da mutum wajen 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Inna ta ce ɗanta ba zai sa mari ba. Aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kwanakin farko ba na fatan maƙiyina ya gan su. Gumi, sanyi, gudawa, hamma ba iyaka, hanci yana zuba, ƙafafu suna zogi kamar ana sara ƙashi, barci ya ƙaurace mini. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ake yi da mu a da'ira. Wani ma'aikaci ya ce kowa ya faɗi abin da yake gaya wa mutanen gidansu in sun yi masa magana. Akwai ɗalibin jami'a, akwai direban babbar mota, akwai ma'aikacin gwamnati mai furfura. Ba wanda ya san wani a cikinmu, amma kamar a makaranta ɗaya aka biya mana karatun. Wannan ya ce don aiki yake sha. Wancan ya ce in ya ga dama gobe zai daina. Ni a da ina ɗauka hujjojina dabarata ce. A nan na ji cewa binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da su a Najeriya.

Ban warke a tashi ɗaya ba. Lokacin kullen korona a 2020, shago a rufe, ba aiki ba kuɗi, na koma ruwa na wasu watanni. Rabona da ita tun makon da Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu, a Satumbar 2020. Alhamdu lillahi.

Duk zaman da na yi a asibiti Oga bai zo ba, bai aiko ba, bai kira ba. Yaya ne ya sayar da babur ɗinsa aka biya kuɗin magani. Da na fito, wani ya yi mini maganar, na ce ai ba a gaya wa Oga ba ne. Na koma bakin aikina na jagoran matasa, ina alfahari cewa yanzu idona a buɗe yake.

Sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo ana kwana a layin banki. Ƙaramar 'yata ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani, aka ce sai an ƙara mata jini. Masu ɗinki ba sa biya, abin da ke asusuna bai taka kara ya karya ba. Na tafi gidan Oga. Tun bayan azahar nake zaune a dakalin ƙofar gidan tare da wasu irina, har aka kira isha. Sau biyu na aika da sunana ciki. Wajen magariba aka buɗe ƙofa, motarsa ta fito, gilashi a rufe. Na miƙe na ɗaga hannu biyu ina kiran taken da muke yi masa. Motar ba ta rage gudu ba. Wani yaronsa ya ce in bar lambar asusuna. Na rubuta a bayan wata takardar kamfe na ba shi. Har yau shiru.

Da na koma asibiti na tarar Yaya ya ba da jininsa, yana zaune a benci da auduga a hannu. Bayan kwana biyu aka sallame mu. Da daddare ya biyo ya duba yarinyar, ya tambaye ni yadda muka yi da Oga. Nan take bakina ya kama aiki. Na ce Oga mutumin kirki ne, yaran da ke kewaye da shi ne ba sa isar da saƙo. Na ce lokacin zaɓe ne, abubuwa sun yi masa yawa. Na ce ai na wancan ɓangaren sun fi shi rashin imani sau goma. Na ce ni ba ɗan a-mutun kowa ba ne, ranar da na ga ya canza ni zan fara barinsa.

Matata tana gefe tana ba yarinyar koko da cokali. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, na taɓa jin wannan maganar."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "A bakinka. Lokacin ƙwaya. Har yadda kake ɗaga yatsa iri ɗaya ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da na ji ranar da ta zazzage ledar nan. Na ɗauki hulata na fita, na tafi shago na kulle kaina. Kuma wannan fushin shi ya fara ba ni tsoro, domin na san shi. A Barnawa an gaya mana in magana ta sa ka tashi da faɗa tun ba ka auna ta ba, ka tsaya ka duba abin da ta taɓa.

Hoton Oga yana manne a bango sama da kekena. Na zauna ina kallonsa da hasken waya, na fara lissafi irin wanda aka koya mana a kan ƙwaya: me ta ba ka, me ta karɓa. A 2007 burtsatse nake jira da keken kwamfuta. Bayan wasu shekaru na haƙura da su, in dai za a ba ni ɗinkin huluna. Daga baya aka kai ɗinkin wani wuri, na koma jin daɗi in ya ambaci sunana a taro. A ƙarshe ga ni ina ɗaga wa rufaffen gilashi hannu. Haka tiramol ta yi mini. Da farko guda ɗaya tana ba ni dare sukutum na aiki, a ƙarshe ina haɗiye huɗu don kawai in iya tashi daga kan katifa. Abin da nake samu yana raguwa, abin da nake biya yana ƙaruwa, ni kuma ina ƙara ƙanƙamewa.

Na tambayi kaina, shin son Oga ne ya riƙe ni? Hausawa sun ce so hana ganin laifi, amma da na duba zuciyata da kyau ban tarar da wani so mai yawa ba. Abin da na tarar shekara goma sha shida ce. Mutanen da na zaga saboda shi, abokan da na yanke, bikin da na ƙi zuwa don na 'yan adawa ne, yaran da na miƙa wa kuɗin ruwa, wasunsu yanzu ba sa cikin hayyacinsu. In na yarda Oga ba shi ne mutumin da nake faɗa ba, to sai na yarda duk wannan a banza na yi shi, kuma Yaya ne mai gaskiya tun farko. Wannan ya fi mini nauyi a kan rashin burtsatse. Haka ma ƙwaya, ba daɗinta ne ya hana ni amsa laifi ba, don daɗin ya ƙare tun tuni. Tsoron in tsaya gaban Inna in ce ni ne ɗan ƙwayar, shi ya riƙe ni. Da asuba na tafi masallacin kusa da shago, liman ya karanta Suratul Ƙiyama, ya zo wurin da Allah yake cewa mutum mai gani ne a kan kansa, ko da ya kawo uzurorinsa. Na sha jin ayar tun ina makarantar allo. Ranar ce hawaye suka zubo mini a kanta.

Ba ina cewa duk mai riƙe da jam'iyya ko ɗan takara majinyaci ba ne. Ƙwaya jiki take kamawa, tana iya kashe mutum a dare ɗaya, kuma sai da likita. Sannan na ga riƙo na gaskiya a gidanmu. Abin da na manta game da Baba shi ne, yana iya zama ya lissafa maka inda shugabanninsa suka yi kuskure, da sunansu, ba ya tsoro, kuma ya san abin da in suka yi zai bar su. Talaka yake bi, mutanen kuwa hanya ce. Ni da za a tsare ni a tambaye ni me Oga zai yi in rabu da shi, ba ni da amsa. Ya bar jam'iyya na bi shi, ya saɓa alkawari na kare shi, ya wuce ni 'yata tana gadon asibiti na nema masa uzuri. Ban gaji Baba ba, hularsa kawai na ɗauka.

Na cire hoton. Wurin ya bar tabo mai kusurwa huɗu, fentin da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran bangon haske, har yanzu ban shafe shi ba. Na kira na ce a nemi wani ejan. Ban zagi Oga ba, ban fita na yi shela ba. Amma labari ya bazu, kuma abin da ya biyo baya ya yi kama da kwanakin farko na Barnawa fiye da yadda na zata. Wayata da ba ta hutawa ta yi tsit. In na iso majalisa sai hira ta mutu. Aka ce an saye ni, aka ce maci amana ne, wani ma ya ce ƙwayar ce ta taɓa mini kai. Da yamma sai in rasa inda zan sa kaina, domin shekara da shekaru wannan lokaci na taro ne da musu. Mutanen ɗaya ɓangaren suka zo da fara'a, suka ce in dawo gidan gaskiya, akwai ɗinkin huluna. Na ji zuciyata ta motsa. Sai na tuna gargaɗin da aka yi mana, cewa da yawa sukan bar tiramol su kama wiwi, su ce sun warke. Na ba su haƙuri.

Na yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, na sake yi ranar 18 ga Maris. Karo na farko a rayuwata ban yi sak ba, kowace takarda sai da na tsaya na yi tunanin mutumin kafin in dangwala. Bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, man janareta ya gagare mu, ina zaune a teburin mai shayi ina jin kowane ɓangare yana kare nasa da kalmomin da na sani, sai in ji tausayinmu gaba ɗaya ya kama ni. Kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na ji ana sukar Oga a rediyo, ƙirjina yakan yi zafi, amsa ta taho har bakin harshena. Kamar yadda in goman ƙarshe ta zo, baya ya ƙage, nakan tuna hanyar kemis ɗin nan. Sai in yi a'uziyya in tashi in sha ruwa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi Yaya gida. Na durƙusa a zaurensa na ce, "Yaya, ka yafe mini. Sau biyu kana kirana ina ce maka mahassadi." Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce in bar maganar, Inna ta fi shi shan wahala, in je can. Na je. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya yi mini albarka, sannan ta ce in tabbata na biya yayana kuɗin babur ɗinsa. Ina biya kaɗan-kaɗan, saura kaɗan in gama.

Shi kuwa yaron shagona, da ya gama wayar nan na kira shi ciki bayan sauran sun tashi. Ban yi masa faɗa ba. Na nuna masa yatsana inda allura ta karye, na ba shi labarin farar shadda da baƙar leda. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ce, "Maigida, ni ai ban kai haka ba." Na ce masa na sani, ni ma haka na ce. Na gaya masa ranar Talata zan rufe shago da safe, in ya yarda mu je ya ga likita tare, ba wanda zai ji daga bakina. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki tsintsiya ya share ƙyallayen da ke ƙasa, ya yi mini sai da safe.